Ɗigo

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura wa manya ruwa,
na zaci hannuna ya gama sani.
Sai ga ni kan benci a El Alto, da biro da littafi,
ƙarfe bakwai na dare, ƙafafuna na zugi,
Malama Eulogia Tarqui na ƙwanƙwasa allo:
"Yaro ba guntun babba ba ne.
Ku zubar da abin da kuka zo da shi, mu sake ɗiba."

Ta rubuta sifili, ta sa ɗigo, ta rubuta biyar.
Ta share ɗigon da babban yatsa.
"Na kashe shi," in ji ta. "Wa ya ji ƙara?"
Ko tari babu wanda ya yi.

Garin nan iska ma rowa take.
Mita dubu huɗu muke bisa teku,
ƙato in ya hau bene sai ya dafa bango ya roƙi numfashi,
balle mai huhu kamar ganyen koka biyu.

Wata uku muna danna ƙirjin jaririn roba,
danna uku, hura ɗaya, danna uku, hura ɗaya.
Roba ba ta yin shuɗi.
Roba ba ta da uwa a bakin ƙofa.
Remigio ya ɓalla masa haƙarƙari, muka tuntsire da dariya,
Malama ta jira muka gama,
ta ce ya je ya sanar da iyayen.
Ya tsaya gaban kujera wayam, bakinsa na rawa.

A keken waya mai lilo bisa rufin gari nake hadda,
kaza bisa kilo, kaza cikin awa.
Kafin in kai gida miyar dankali ta sandare,
'yata ta yi barci da takalmi a ƙafa.

Daren Laraba aka ba ni gado na huɗu.
Ɗan Basilia, giram ɗari tara,
ba shi da suna tukuna sai takarda a idon sawu.
Jijiyarsa silin gashi,
ƙirjinsa na faɗawa kamar ana jan zare daga ciki.
Uwar na zaune a baranda,
ta ninke zanen goyo mai ratsin ja a cinya,
ta ɗora hularta a kai, kada ya zauna babu komai.

Ƙarfe uku saura na ɗauki takardar magani.
Sifili. Biyar.
Tsakaninsu fari fat.
Na riga na fasa kwalba, allura na hannuna.
Na ajiye.
Na yi lissafi a bayan safar hannu, na sake, na sake,
sannan na buga wa likita, wanda kwana biyu bai ga katifa ba.
Shiru ya yi tsawon numfashi uku.
"Birona ne," ya ce. "Sa ɗigon, Nieves."
Muryarsa ta tsufa a kunnena.

Na sa.
Ƙanƙani ne, bai kai ƙwayar ƙasa ba.
Ruwa ya ci gaba da sauka a robarsa,
ɗigo,
ɗigo,
ina ƙirgawa, ko da yake na'ura na ƙirgawa.

Da gari ya waye ƙanƙarar Illimani ta yi ja.
Basilia ta miƙe ta tare ni: "Ya kwana?"
Na ce, "Ya kwana."
An koya mana kada mu ƙara ko kalma a kan abin da muka gani.
Ta wanke hannu har gwiwa kamar yadda na nuna mata,
ta zura ta tagar kwalabar,
ya damƙe mata ɗan yatsa, bai zagaye ba.

Jibi jarrabawa.
Babin ƙoda ko buɗe shi ban yi ba.
Safar na cikin aljihuna, tawada ta baje,
na rasa dalilin da na kasa jefar da ita.